Tuƙi Cikin Maye: Me Ke Hana Mashayi Kama Sitiyari?

Abin da ya sa matsalar tuƙi cikin maye take da wuyar sha'ani shi ne, mafi yawan waɗanda suka sha suka ja mota suna isa gida lafiya lau. Mutum ya sha, ya tuƙa, ya kwana a kan gadonsa, gari ya waye ko ƙwarzane babu. Ya sake yi, ya sake tsira. Kafin a jima ya sa wa ransa cewa shi kansa yana ɗauka, hannunsa ya faɗa, masu yin haɗari sababbin shiga ne ko waɗanda suka sha ta fi ƙarfinsu. Duk daren da ya isa gida lafiya ƙara masa ƙarfin gwiwa yake yi. Sabo turken wawa. Ranar kuwa da abin zai ɓaci, sau da yawa shi yana cikin ƙarfe ɗaure da bel, wanda za a kwasa a bakin titi yaro ne da ya zo tsallakawa, ko mai babur, ko iyalin da ke cikin motar da ke tahowa.

A rahotonta na 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kimanin mutum miliyan 1.19 ne ke rasa rayukansu duk shekara a haɗuran hanya, kuma babu abin da ke kashe yara da matasa 'yan shekara 5 zuwa 29 kamar waɗannan haɗura. Fiye da kashi 90 cikin 100 na mamatan a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi suke. A Amurka, inda ake ƙoƙarin auna jinin direbobin da suka yi mummunan haɗari, fiye da mutum 13,000 ne suka mutu a 2022 a haɗuran da direba ya bugu, wato kusan ɗaya cikin uku na duk waɗanda hanya ta ci a shekarar. Wannan fa a ƙasar da ta shafe fiye da shekara 40 tana yaƙi da abin ke nan.

Da zarar an ji irin wannan, abin da ke fara zuwa bakin mutane shi ne a tsananta hukunci: a ɗaure, a ƙara shekaru, a hana beli. Na fahimci wannan fushi, kuma wanda ya kashe rai a buge bai cancanci sassauci ba. Amma abin da ƙasashen da suka rage wannan masifa suka gano ya ɗan sha bamban. Mutumin da ke tsaye a jikin motarsa da makulli a hannu ƙarfe 12 na dare ba ya lissafin shekarun ɗaurin kisa, domin bai yarda zai kashe kowa ba. Tambaya ɗaya ce ke iya tsayar da shi: shin za a tare ni a hanya yau? Idan amsar da zuciyarsa ta ba shi ita ce "da wuya", to doka komai kaifinta a takarda ta tsaya.

Sai an san abin da barasa ke yi a jiki kafin a gane dalilin da ya sa ba za a bar wa mai sha alƙalancin kansa ba. Barasa ba ta jiran narkewa irin ta abinci. Kaɗan daga cikinta na shiga jini tun daga tumbi, mafi yawa ta ƙaramin hanji, kuma cikin rabin awa zuwa awa ɗaya da rabi ta kai iyakar ƙarfinta. In cikin ba komai ma ta fi haka sauri. Ana auna ta da yawan giram na barasa a cikin kowane mililita 100 na jini, shi ne ake jin an ce 0.05 ko 0.08. Tangaɗi da harɗewar harshe, waɗanda kowa ke gane mashayi da su, daga baya suke zuwa. Abin da take fara taɓawa shi ne hankalin auna abu: nisan motar da ke tahowa, ko wannan ratar za ta isa a wuce tirela, ko gudun ya yi wa wannan kwanar yawa. Sannan ta rage iya raba hankali gida biyu, alhali tuƙi kacokan aikin raba hankali ne, ido a kan hanya, ido a madubi, ƙafa a shirye. Gefen ido ya rage gani, in fitilar wata mota ta dalle shi ya daɗe kafin ganinsa ya dawo. A daidai lokacin kuma sai ta cire masa tsoro. Ƙwarewa na raguwa, yarda da kai na ƙaruwa. Shi ya sa in ya ce "ras nake", da gaskiyarsa yake faɗa, haka yake ji a jikinsa.

Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a daƙiƙa ɗaya. A ce wani ya fito daga bayan motar da ta lalace a gefen hanya. Direban da ke cikin hayyacinsa ya gani, ya ɗage ƙafa daga totur, ya taka birki. Wanda ya sha shi ma ya yi duk wannan, sai dai ya makara da rabin daƙiƙa. Rabin daƙiƙar nan mita 14 ce, tsawon ƙananan motoci uku a jere, kuma ya cinye ta da cikakken gudu kafin birki ya fara kamawa. Daga baya zai rantse cewa mutumin ne ya faɗo masa ba zato ba tsammani.

Fitar barasa daga jiki kuwa aikin hanta ne, ita kuma ba a gaggauta ta. A matsakaici takan rage kimanin 0.015 a kowace awa. Kofi mai ƙarfi, wanka da ruwan sanyi, cika ciki bayan an gama sha, duk ba sa ƙara mata sauri. Iyaka su sa mutum ya ji ya wartsake alhali jininsa na nan yadda yake. Wanda ya kwanta ƙarfe 2 na dare da 0.15, in ya tashi ƙarfe 7 na safe yana nan da kusan 0.075. Ya yi barci, ya yi wanka, ya sa kayan aiki, ya kwashi yara zai kai makaranta, kuma har yanzu ya haura iyakar da ƙasashe da yawa suka gindaya.

Tun farkon zuwan mota an san tuƙi a buge laifi ne, amma tabbatar da shi a kotu jan aiki ne. Ɗan sanda ya ce ya ji warin giya, ya ga idon direba ya yi ja, ya sa shi tafiya a kan layi ya karkace. Lauya ya ce gajiya ce, ko razanar haɗarin. Magana ta zama ta bakin wannan da ta bakin wancan. Wani masanin kimiyya ɗan Suwidin, Erik Widmark, shi ne tsakanin shekarun 1920 da farkon 1930 ya fitar da hanyar auna barasa a ɗan jini kaɗan, da lissafin yadda take raguwa. A 1936 Norwe ta zama ƙasa ta farko da ta ce adadin kansa shi ne laifin: duk wanda aka samu yana tuƙi ya haura 0.05 ya karya doka, ko ya yi tangaɗi ko bai yi ba, ko ya buge wani ko bai buge ba. A 1954 Robert Borkenstein, wanda ya yi aiki da 'yan sandan jihar Indiana a Amurka, ya ƙera na'urar busawa mai auna barasa a numfashi, gwaji ya yi sauƙi ba sai an ɗebi jini ba. Shi ne kuma ya jagoranci binciken garin Grand Rapids na 1964, inda aka gwada dubban direbobin da suka yi haɗari aka kwatanta su da dubban waɗanda suka wuce lafiya. An ga haɗari na fara hawa tun daga wajen 0.04 ko 0.05, daga 0.08 kuwa ya miƙe sama ba sassautawa. Binciken da suka biyo baya sun nuna mai 0.15 ya ninka wanda bai sha ba fiye da sau 10 wajen yiwuwar yin haɗari.

Wannan sauyi ya fi yadda ake ɗaukarsa muhimmanci, domin ya ɗauke laifin daga kan sakamako ya ɗora shi a kan aikin kansa. Mutum biyu sun sha daidai wa daida, sun bi hanya ɗaya, ɗaya ya isa gida, ɗaya ya kashe yarinya. Bambancinsu kawai shi ne a gaban na biyun yarinyar ta fito. Dokar da ba ta ganin laifin na farko sai ya zama na biyu, jiran gawa take yi. Yau Hukumar Lafiya ta Duniya na ba da shawarar kada iyaka ta wuce 0.05 ga kowa, 0.02 kuma ga matasa da sababbin direbobi. Suwidin ta sauko 0.02 tun 1990, Norwe ta bi ta a 2001, Japan na kan 0.03. Ingila da Wales sun daɗe a kan 0.08, haka jihohin Amurka in ban da Utah, wadda ta koma 0.05 a ƙarshen 2018.

Sai dai rubuta adadi a doka shi ne mafi sauƙin aikin. A 1967 ministar sufurin Birtaniya, Barbara Castle, ta kawo dokar 0.08 tare da na'urar busawa a bakin hanya. Ta sha zagi, har barazanar kisa an yi mata. Watannin farko abin ya yi aiki nan take: mace-mace da raunuka sun faɗi, musamman a daren ƙarshen mako lokacin da ake tashi daga mashaya. Bayan 'yan shekaru sai alƙaluma suka fara komawa gidan jiya. Masanin zamantakewa H. Laurence Ross, wanda ya bi diddigin lamarin, ya bayyana dalili. Hayaniyar da aka yi a kan dokar ta sa direbobi sun zaci ko'ina za a tare su. Da suka ga ana wata da watanni ba wanda ya tsayar da su, sai suka koma ruwa. Dokar ba ta ba ɗan sanda damar gwada kowa ba, sai wanda ya yi haɗari, ko ya karya wata ƙa'idar hanya, ko aka ga alamar ya sha. Irin wannan darasi ya maimaita kansa a Sikotland, wadda ta rage iyakarta daga 0.08 zuwa 0.05 a Disamban 2014. Masu bincike na Jami'ar Glasgow suka kwatanta haɗuranta da na Ingila da Wales, inda ba a sauya komai ba, suka tarar ba wata raguwa. Abin da suka fi zargi shi ne an sauya adadi ba a ƙara yawan gwaji a hanya ba.

Ostireliya ta bi wata hanyar. Jihar Biktoriya ta fara gwajin kan mai uwa da wabi a 1976, New South Wales kuma ta shiga da ƙarfinta a Disamban 1982: kusan gwaji miliyan ɗaya a shekarar farko, wato kimanin ɗaya ga kowane direba uku masu lasin, ga sanarwa a rediyo da talabijin ba dare ba rana. Yadda abin yake a hanya ba wani rikitarwa. Kana shan kwana sai ka ga motar 'yan sanda da fitilu, an jera robobin raba hanya, ana ɗaga wa motoci hannu ɗaya bayan ɗaya. Ka sauke gilashi, a miƙo maka na'ura, ka busa, ba a yi minti ɗaya ba ka wuce. Ba a tambayar ko kai wane ne, ba a duba ko ka yi kama da mashayi. Mafi yawan waɗanda aka gwada ba su sha komai ba, kuma wannan shi ne ribar, domin kowanne cikinsu zai je ya ba da labari a gida da wurin aiki cewa yau an tare shi. Haɗuran da ake rasa rai sun ragu, raguwar kuma ta ɗore shekara da shekaru, saɓanin ta Birtaniya. Shingen da ya yi nasara shi ne wanda gwajinsa ke ƙaruwa kamunsa na raguwa. Hukumar da ke auna ƙwazon jami'anta da yawan kuɗin tarar da suka kawo ta ɗauki abin a baibai.

Tun 1764 masanin shari'a ɗan Italiya Cesare Beccaria ya faɗi cewa tabbacin hukunci, ko da mai sauƙi ne, ya fi hana laifi a kan hukunci mai tsanani da ake sa ran kuɓuce masa. Tuƙi cikin maye na daga wuraren da maganarsa ta fi fitowa fili. Akwai ma inda tsananin kan yi ɓarna. Idan hukuncin kamun farko ɗauri ne mai tsawo, ɗan sanda yakan ji nauyin jefa magidanci kurkuku saboda kwalba biyu, ya ce jeka kada ka sake. Mai gabatar da ƙara yakan yarda a sauya tuhuma zuwa tuƙin ganganci don a gama da wuri. Inda kuma cin hanci ya yi katutu, duk ƙarin da aka yi wa hukunci ƙari ne kawai a kan abin da za a karɓa a bakin shinge; mai kuɗi ya biya ya wuce a bugensa, talaka ya kwana a caji ofis.

Duk tsarin da aka kwaso daga wata ƙasa, a bakin wannan shinge yake fara mutuwa. Akwai dabarun rage ɓarnar. A samu na'urar da ke ajiye kowane gwaji da lokacinsa, wadda jami'i ba zai iya gogewa ba. Jami'ai su yi aiki a ƙungiya, ana sauya musu wuri, kyamara na ɗauka. Tara a biya ta a banki, kada kuɗi ya gifta daga hannu zuwa hannu. A riƙa kai na'urorin ana daidaita su a kan lokaci da takardar shaida, in ba haka ba lauyan farko da ya tambaya zai rushe ƙarar. Fiye da duk wannan, a ga an gwada babba. Ranar da aka ɗaga wa motar wani mai muƙami hannu, ya sauke gilashi aka sara masa ya wuce bai busa ba, duk wanda ke layin ya fahimci cewa dokar ta marasa galihu ce, kuma sanarwa dubu ba za ta goge wannan ba.

Bayan tabbas sai sauri. Shari'ar da za ta yi shekara biyu ana ɗagewa, direba na ci gaba da tuƙi da lasinsa a aljihu, ba ta koya wa kowa komai. A 2010 lardin British Columbia na Kanada ya ba 'yan sanda ikon karɓe lasin nan take a bakin hanya: kwana 3 ga wanda aka fara kamawa da 0.05, kwana 90 ga wanda ya kai 0.08, motarsa kuma a tsare ta kwana 30. Mace-macen da barasa ke jawowa a hanya sun ragu ƙwarai a shekarun da suka biyo. An kai ƙarar tsarin kotu, aka tilasta gyara shi domin direba ya samu cikakkiyar damar ƙalubalantar sakamakon na'ura, kuma gyaran ya yi daidai, domin na'ura ma tana kuskure. Masu cewa tare mutumin da bai yi laifin komai ba tauye 'yanci ne, su ma maganarsu ba ta banza ba ce. Kotun Ƙolin Amurka ta halatta irin waɗannan shingaye a 1990, amma har yau wasu jihohin ba sa yi. A ganina minti ɗaya a bakin hanya abu ne da za a iya ɗauka, muddin kowa ake tarewa, ba a zaɓi wasu saboda ƙabilarsu ko tsufan motarsu ba.

Akwai kuma waɗanda shinge ba ya razana su. A watan Mayun 1980, a garin Fair Oaks na jihar Kalifoniya, wani direba a buge ya banke yarinya 'yar shekara 13, Cari Lightner, tana tafiya a gefen hanya, ya gudu ya bar ta. An sha kama shi da laifin tuƙi cikin maye, kuma kwanaki kaɗan kafin nan aka ba da belinsa a kan wani haɗarin. Mahaifiyarta, Candy Lightner, ta kafa ƙungiyar iyaye mata masu yaƙi da tuƙi cikin maye, wadda aka fi sani da MADD. Ƙungiyar ta taka rawa wajen dokar 1984 da ta sa jihohi suka mayar da shekarun sayen barasa 21, da ta 2000 da ta matsa musu su sauko 0.08. Babban aikinta dai shi ne ta sa jama'a sun daina kallon abin a matsayin ƙuruciya ko tsautsayi, suka fara jin kunyarsa.

Irin direban da ya kashe Cari, sau da yawa mutum ne da barasa ta zame masa ciwo. A karɓe lasinsa, ya tuƙa ba lasin. A ci shi tara, ya biya ya koma. Don irinsa aka ƙirƙiri na'urar da ake haɗawa da makunnin mota. Da safe ya shiga ya zauna, ya ɗauki bututun ya busa, ya jira; in akwai barasa a numfashinsa, ko ya murɗa makulli mota ba za ta tashi ba. Yana cikin tafiya ta sake neman ya busa, don kada ya sa wani ya tayar masa ya sauka, kuma duk abin da ya faru tana ajiyewa don hukuma. New Mexico ce jihar Amurka ta farko da ta wajabta ta ga duk wanda kotu ta kama da laifin, a 2005. Hukumar hana yaɗuwar cututtuka ta Amurka ta ce tana rage sake kamu da kimanin kashi 70 cikin 100 muddin tana jikin mota. Da an cire ta kuwa da yawa suna komawa halinsu, abin da ke nuna takunkumi ce kawai, dole a haɗa ta da jinyar shaye-shaye. Jihar South Dakota ta gwada wata dabarar daga 2005: maimakon a hana mutum tuƙi, a hana shi sha. Sau biyu a rana, safe da yamma, zai je ofishin jami'an tsaro ya busa. In ya faɗi gwaji ko ya ƙi zuwa, a ranar zai kwana a tsare, dare ɗaya ko biyu. Cibiyar bincike ta RAND ta gano a 2013 cewa sake kamu da tuƙi cikin maye ya ragu da kashi 12 cikin 100 a gundumomin da suka shiga tsarin, kamun masu dukan iyali ma ya ragu da kashi 9.

Japan kuwa ta faɗaɗa tambayar waye ke da alhaki. A 1999, a babbar hanyar Tomei, direban babbar mota a buge ya daki motar wasu iyali ta baya, ta kama wuta, 'yan mata biyu 'yan shekara 3 da 1 suka ƙone a gaban iyayensu. Shekara 4 aka yanke masa. Iyayen suka bi jama'a suna tara sa hannu, har a 2001 aka kafa sabon laifi na tuƙi mai haɗari da ya jawo mutuwa, mai hukunci mai nauyi. A 2006 a Fukuoka wani ma'aikacin birni a buge ya tura motar wasu iyali daga kan gada ta faɗa teku, yara uku suka mutu. Bayan wannan, dokar 2007 ta sa hukunci a kan wanda ya ba mai maye aron mota, da wanda ya ba shi giya yana sane zai tuƙa, da wanda ya nemi ya ɗauke shi alhali ya san ya sha. Wannan ya yi mini daidai, domin da wuya mutum ya bugu ya kama sitiyari ba wanda ya gani. Akwai abokin da ya raka shi har bakin mota, akwai mai sayarwar da ya ƙaro masa yana ganin makulli a kan tebur. A can ma akwai sana'ar da ke sauƙaƙa wa mai sha komawa gida: ka kira, direbobi biyu su zo a mota ɗaya, ɗaya ya tuƙa ka a taka motar, ɗaya ya biyo baya ya ɗauki abokin aikinsa. Kamfanonin sufuri su ma suna cikin wannan lissafi. Faransa ta wajabta na'urar busawa a makunnin duk motocin safa na dogon zango tun 2015. Mai motar da ke biyan direba da yawan sawu, yana sane da abin da yake haɗiya don kada barci ya ɗauke shi, bai kamata ya wanke hannunsa ranar haɗari ba.

Maye dai bai tsaya a kwalba ba. Tabar wiwi, tiramol, maganin tari mai kodin, ƙwayoyin sa barci da na hana barci, duk suna taɓa tuƙi, in an haɗa su da barasa kuwa abin ya fi muni, kuma na'urar busawa ba ta ganin ko ɗaya cikinsu. Biktoriya ta fara gwajin yawu a bakin hanya a 2004, Norwe ta sa iyaka ga ƙwayoyi 20 a 2012, Ingila da Wales suka bi a 2015. A nan ilimi bai kai na barasa ba, domin adadin sinadarin wiwi a jini ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da yawan buguwa, gwajin kuma ya fi tsada. Rashin barci shi ma ɗan'uwan maye ne. Wani bincike a Ostireliya a 1997 ya nuna wanda ya yi awa 17 ido biyu ƙwarewarsa ta yi ƙasa kamar mai 0.05. Al'ummar da ba a shan giya a fili kada ta ɗauka ta tsira. Inda sha abin kunya ne ko doka ta hana, a ɓoye ake yi, nesa da gida, kuma wanda ya sha ba zai kira ɗan'uwansa ya zo ya ɗauke shi ba, gara ya lallaɓa ya tuƙa kada asirinsa ya tonu. Hukuma ita ma ba ta sayen na'ura don abin da ta ce babu. Haɗarin sai a rubuta shi gudu ne ko fashewar taya.

Sa'o'in farko bayan haɗari su ke yanke shari'a. Tunda hanta na share shaida awa bayan awa, in ba a gwada direba da wuri ba, gobe ba abin da za a samu, kuma masu laifi sun san haka. Direban Fukuoka gudu ya yi, ya ɗirki ruwa kafin a gwada shi, duk da dai a ƙarshe an ɗaure shi shekara 20. Daga 2014 Japan ta mayar da gudu ko ƙara sha don ɓoye buguwa bayan haɗari laifi mai zaman kansa, mai ɗaurin da ya kai shekara 12. Kamata ya yi kowace doka ta wajabta gwada duk direban da haɗarinsa ya jawo rauni ko mutuwa, a wurin ko a asibiti, ƙin yarda da gwaji kuma ya zama laifi kwatankwacin faɗuwa gwajin, kamar yadda yake a Birtaniya.

Sai kuma abin da ke biyo baya, wanda ya fi ci mini rai. Tun hawaye ba su bushe ba an fara zarya: dangin direba, abokan aikinsa, manyan da ake jin nauyinsu, ana ba iyalan mamaci haƙuri, ana tuna musu cewa kwana ne ya ƙare. Iyalan da ke cikin jimami, ba kuɗin lauya, ba ƙarfin zaryar kotu, sukan ce sun yafe. Yafiya haƙƙinsu ce, ba mai ƙwace musu. Diyya ko kuɗin inshora ma haƙƙinsu ne, ya kamata ya iso su ba tare da an wahalar da su ba. Amma lasin tuƙi ba a hannunsu yake ba. Izini ne da hukuma ta bayar a madadin duk mai bin hanya, su kuwa sauran masu bin hanya ba wanda ya tambaye su ko sun yafe. Idan aka janye ƙara aka rufe fayil, sunan direban ba ya shiga ko'ina. Ya koma kan sitiyari, ranar da aka sake kama shi a wani gari, alƙalin da aka kai shi gabansa zai buɗe takarda ya ga babu komai, ya yanke masa hukuncin mai laifin farko.